Yadda Za Ka Auna Tauraro a Gaban Surukinka Ba Tare da Ka Rasa Aikinka Ba

Madalla da zuwanka, ɗan'uwa. Ja kujera. In dai ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, ba ƙarin gishiri, to ka sa a ranka kafin wata ya mutu surukinka zai daina yi maka kallon tausayi. Wannan tabbas ne, ba lalube ba. An gwada hanyar a kan mutum guda cur, kuma ga shi nan har yau da ransa, da matarsa, da makullan wurin aiki a aljihu.

Mutumin nan, dangin matarsa Na-Tudu suke kiransa, don a kan wani tudu yake aiki a bayan gari, inda aka kafa madubin hangen nesa guda huɗu a jere, kowanne cikin 'yar rumfarsa mai buɗewa ta sama. Aikinsa auna faɗin taurari. Surukinsa kuwa tsohon hedimasta ne, kowa Baba yake ce masa, kuma tuni ya yanke hukunci cewa yaron nan gadi yake yi. Kada ka ga laifin dattijo. Mutum ya fita da yamma da jibgegiyar rigar sanyi da tocila da tarin makullai, ya dawo da safe ido jawur ya bi lafiyar gado, kai me za ka kira shi? Sau ɗaya tak Baba ya taɓa tambayarsa aikinsa. Na-Tudu ya sunkuyar da kai, ya gaya wa ƙafar kujera cewa, "Ina ɗan duba na'urori ne da dare, Baba." Daga ranar Baba bai sake tambaya ba, don shi mutum ne mai rufa wa na ƙasa asiri.

Yanzu buɗe kunnenka.

Mataki na 1: Ka jira sai abin ya zo maka iya wuya

Kada ka yi gaggawar bayyana wa suruki sana'arka. Masu gaggawa su ne ke samun kwanciyar hankali da wuri, kuma wannan ba girman namiji ba ne. Ka yi shiru shekara da shekaru, kana cewa "to, Baba" ga duk abin da aka faɗa, har ranar da za a kira ka falo.

Haka aka kira Na-Tudu. Baba na zaune a kujerarsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana kaɗa ta, don haka yake yi duk sa'ad da wani shiri nasa ya yi masa daɗi. A gefensa ga Manaja, mijin yayar matar Na-Tudu, mai babban sito na tayil da bututun ruwa, mutumin da ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar talla ce.

"Na yi magana da yayanka," in ji Baba. "Farkon wata za ka fara a wurinsa. Akwai tebur, akwai fanka, kuma mutum ya kwana a gidansa kamar kowa. Karatun da ka sha bai kamata ya ƙare a bakin get ba. Na gama magana."

Na-Tudu ya gyara zama. Yana son aikinsa na taurari kamar ransa, tun yana ɗalibi yake mafarkin hawa tudun nan. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ji bakin ya ce, "To, Baba. An gode, Baba."

A mota matarsa ta jira har suka bar layin gidan. Ita ce autar Baba, kuma Auta ɗin kowa ke ce mata, har abokan aikinta a asibiti.

"An gode, ko?" ta ce. "To, ji nan. Ni ba zan yi faɗa da ubana a kan aikin da mai shi ya kasa buɗe baki ya kare ba. Ko ka kai shi tudun nan ya gani da idonsa, ko ka fara haddace sunayen tayil. Zaɓi ya rage naka."

Ka lura da hikimar da ke nan: in matarka ta ba ka zaɓi, ta riga ta zaɓa. Washegari da kanta ta gaya wa Baba cewa kafin yaron ya bar aiki, ya kamata a je a ga inda ya yi zama, ko don a yi wa mutanen wurin sallama. Baba yana son sallama mai tsari. Ya amince.

Mataki na 2: Ka gwada bayaninka a kan matarka tukuna

Gaban suruki ba wurin koyon magana ba ne. Ka nemi matarka lokacin da take guga, hannunta riƙe da abu mai zafi, don a nan ake samun sharhi na gaskiya.

Na-Tudu ya tsaya a bakin ƙofa, ya fara da wata kalma mai tsawon igiyar shanya. Auta ta ɗaga dutsen guga.

"Sake. Kamar da Baba kake magana."

"To. Tauraro yana da nisa na fitar hankali. Ko ka kafa masa madubi, ɗigo kawai za ka gani, ba za ka ce ga gefen nan ga wancan ba. Saboda haka sai mu yi masa dabara. Mu kalle shi da madubi biyu masu tazara a tsakani, mu kwaso hasken kowanne ta cikin bututu, mu haɗa su a ɗaki ɗaya."

"Sai ya ƙara haske."

"Sai ya yi ratsi-ratsi. Fari, baƙi, fari, baƙi, kamar rigar nan da kike gogewa. Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi. Inda biyun suka zo tare sai su ƙarfafa juna, inda suka saɓa sai su kashe juna."

"Kamar ni da Yaya. Ci gaba."

"In tauraron ƙarami ne a ido, ratsinsa fes yake fitowa, kome tazarar da muka ba madubin. In kuwa mai faɗi ne, gefensa na dama yana zana nasa ratsin, na hagu yana zana nasa. Da madubi kusa da kusa, zanen biyu kan hau kan juna daidai. Muna ƙara tazara suna zamewa, har farin wannan ya faɗa cikin baƙin wancan, ratsi ya dusashe, ya ɓace. Tazarar da ya ɓace a kanta, ita ke gaya mana faɗin tauraron."

Auta ta ajiye dutsen guga, ta dube shi sama da ƙasa.

"Wato kana so ka hau da ubana kan tudu, cikin sanyi, ka nuna masa abu, sannan ka ce ya yi murna don abin ya ɓace."

"Kusan haka."

"Allah ya ba da sa'a," ta ce, ta jawo wata rigar.

In matarka ta yi maka wannan addu'a da wannan murya, bayaninka ya nuna. Wuce gaba.

Mataki na 3: Ka kawar da duk abin da zai ɓata wa babba rai

Wurin aikin masu ilimi cike yake da rashin kunya a rubuce. Kada a taɓa. Kada a jingina. Kada a buga ƙofa. Ka tuna wanda za ka kawo: mutumin da ya yi rayuwarsa in ya ce a tashi a tashi, in ya ce a zauna a zauna. Irin wannan ba a tarbarsa da umarni a bango.

Ranar ziyara Na-Tudu ya iso da wuri, ya share ɗakin kwamfutoci, ya wanke kofunan shayin da suka fara tsiro, ya bi bango yana ɓamɓare gargaɗi. Na ƙarshe yana manne ne a kan wani akwatin ƙarfe mai ruwan toka a kusurwar ɗakin, daidai tsayin kujera, daidai faɗin mutum guda. A nan bututun hasken ke karya kwana kafin ya gangara ɗakin ƙasa, kuma cikin akwatin akwai madubin da ke juya hasken. Takardar ta ce, da jan alƙalami, KADA A ZAUNA. Na-Tudu ya cire ta, ya cusa a aljihu. Da ya ga tabon gam ya yi muni, sai ya shimfiɗa tsaftataccen tawul a kai.

Injiniya ta shigo ta tarar da shi. Ita ce ke kula da injinan wurin, mace mai gajeren haƙuri wadda ta fi yarda da sifana a kan mutane.

"Ina takarduna?"

"Yau kawai. Surukina ne zai zo."

"Surukin naka ba shi da nauyi ne?"

"Ba zai zauna a nan ba. Na ajiye masa kujera mai laushi. Ga ta can, har da matashi."

Injiniya ta dubi kujerar, ta dubi akwatin da tawul ɗinsa, ta ce ita dai tana ƙasa in an neme ta.

Mataki na 4: Ka zagaya da baƙi tun da sauran haske, kuma ka riga Manaja magana

Kowane dangi na da Manajansa, kuma shi ke tuƙo motar. Ba za ka iya hana shi zuwa ba. Abin da za ka iya shi ne ka cike kowane shiru kafin ya cike shi.

Na-Tudu bai iya ba. Suna fitowa daga mota, rana na shirin faɗuwa, Manaja ya hango bututun da suka taso daga rumfunan nan huɗu suka nufi ginin tsakiya, ya je ya ƙwanƙwasa ɗaya da makullin mota.

"Wannan mai kyau ne. Ruwa ne a ciki ko gas?"

"Babu kome a ciki, Yaya. Har iskar ma an zuƙe. Haske ne kawai ke bi."

"Bututu kamar wannan, babu kome a ciki!" Manaja ya yi wa Baba kallon nan na ka ji ko. Baba kuwa hankalinsa na wani wuri. Yana ta dube-dube, hannu a baya, kuma Na-Tudu ya gane abin da yake nema: ɗakin mai gadi. Da ainihin mai gadin wurin ya ƙame ya ce wa Na-Tudu, "Sannu da aiki, Dakta," Baba ya ɗauka tsokana ce ta abokan aiki, har ya yi murmushi.

Sai aka gangara ɗakin ƙasa, mai tsawo kamar barandar asibiti, aka tsayar da baƙi a bayan gilashi. Ciki an shimfiɗa ƙarafa biyu irin na jirgin ƙasa, a kansu wani ɗan keke na tafiya a hankali ɗauke da madubi. Mutanen wurin amalanke suke ce masa, kuma Injiniya ce kaɗai ke taɓa shi.

"Madubi ɗaya ya fi ɗan'uwansa kusa da tauraron," in ji Na-Tudu, "to haskensa zai riga isowa. Amalanken nan shi ke ƙara wa mai gaggawar tafiya, har su iso tare. Tauraro na tafiya a sama, shi ma yana tafiya a ƙasa. In aka sami bambancin da ya kai kaurin silin gashi, ba za a ga kome ba."

"Silin gashi," in ji Baba. Wannan ce maganarsa ta farko tun daga get. Ya daɗe yana kallon amalanken yana rarrafe, ba ƙara ba gargada. Can ya ce, "Yana da natsuwa," da muryar da yake yabon ɗalibin da bai taɓa ba shi wahala ba.

Mataki na 5: Ka zaɓi tauraro mai biyayya

Kada ka ɗauko wa suruki baƙon tauraro. Ka zaɓi wanda ka auna har ka gaji, wanda ka san halinsa kamar na maƙwabci. Na-Tudu ya zaɓi wani tsohon jan tauraro da ke fitowa da wuri ta gabas. Ya san shi sarai: da madubi biyu na kusa ratsinsa fes, da na tsakiya ya dusashe rabi, sai an kai na can ƙarshen tudu yake ɓacewa.

Duhu ya fara sauka, rumfuna suka buɗe, aka taru a ɗakin kwamfutoci. Na-Tudu ya nuna wa Baba kujera mai laushi, Baba ya ce shi a tsaye yake duba aiki. Manaja ya zauna a kai.

Allon ya nuna toka-toka, kamar talabijin da ba tasha. Ta 'yar oba-oba, wato rediyon hannu, Injiniya ta ce tana matsar da amalanke. Toka. Toka. Manaja ya duba agogo. Sai ga shi, kamar an ja labule: fari, baƙi, fari, baƙi, a jere, suna ɗan rawa.

Na-Tudu ya ga abin nan sau ba adadi, amma har yau in ya fito sai ya ƙura masa ido kamar yau ya fara gani. Hasken nan ya baro gida tun kafin a haifi kakan kakan Baba, ya raba hanya a kan tudun nan, ya sake haɗuwa a ƙarƙashin ƙafafunsu bai yi kuskuren taku ba.

"Wannan shi ne tauraron?" in ji Baba, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Haskensa ne, Baba. Yanzu za mu ƙara tazara. In ratsin nan ya ɓace, to mun kama faɗinsa."

Ka riƙe wannan magana ta ƙarshe. Gajeriya ce, mai daɗin faɗa, kuma ita ce ta kusa kai shi sito.

Mataki na 6: In ratsi ya ɓace, ka karɓi tafi ka yi gum

Canja madubi yakan ɗauki ɗan lokaci, kuma gwiwar dattijo ba ruwanta da tauraro. Baba ya waiwaya. Kujera mai laushi na ƙarƙashin Manaja, wanda ya nutse a waya. Sai ga akwati a kusurwa da tsaftataccen tawul. Wa ake shimfiɗa wa tawul in ba babban baƙo ba? Baba ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Abin da ya gani a allo ya yi masa daɗi, saboda haka ƙafar ta fara aikinta, diddige na ɗan bugun gefen akwatin.

Na-Tudu bai gani ba, ya ba su baya yana fama da kwamfuta. Aka koma madubi na tsakiya. Injiniya ta kai amalanke inda ya kamata. Allo ya fito toka, wankakke, ko alamar ratsi babu.

"Ya ɓace!" in ji Auta.

"Ya ɓace kuwa!" Manaja ya ajiye waya ya hau tafi. "Kai, ƙanena, ashe haka kake!"

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Ya faɗa kafin ya faru, kuma ya faru," in ji shi. "Wannan shi ne ilimi."

To, ɗan'uwa, nan ne wurin tsayawa. Ka miƙe, ka gyara wuyan riga, ka faɗi wata lamba mai ɗigo a tsakiya, ka kashe allon, ka zuba shayi. Ba wanda zai sani. Tauraro ba ya kai ƙara. Masu hankali a wannan mataki suke rufe darasi su koma gida da mutuncinsu.

Mataki na 7: Kada ka kuskura ka duba ƙaramin tauraro

Masu wannan sana'a suna da wata muguwar ɗabi'a. Sun ce ratsi kan ɓace don dalili biyu: ko tauraron mai faɗi ne, ko injin ne ba lafiya, kuma toka duk toka ce a allo. Saboda haka duk sa'ad da ya ɓace sai su juya madubi zuwa wani ƙaramin tauraro na kusa, wanda dole ratsinsa ya fito fes. In shi ma toka ne, to matsalar ta cikin gida ce. Ɗabi'a ce mai kyau a sauran ranakun shekara. Ranar suruki, ka bar ta a get.

Na-Tudu ya zauna yana kallon tokar nan. Shi kaɗai a ɗakin ya san bai kamata ratsi ya ɓace a madubi na tsakiya ba. In da gaske ne, to tsohon tauraron ya kumbura ya kusa ninka kansa daga makon jiya zuwa yau. A bayansa kuwa ga gyaɗa kan da ya yi shekaru yana jira, har yanzu da ɗuminsa. Yana so ya riƙe shi. Wallahi yana so. Amma hannunsa ya riga ya kai kan kwamfuta.

"Baba, a ɗan dakata. Bai kamata ya ɓace a nan ba."

Auta ta zaro masa ido, irin zarowar da ke nufin za mu haɗu a mota.

Madubai suka juya zuwa ƙaramin tauraro. Toka.

"Wannan ma ya ɓace!" in ji Manaja. "Biyu ke nan!"

"A'a, Yaya. Wannan bai kamata ya ɓace ba ko kaɗan. Na farkon ma ba mu auna kome ba. Injin ne ba lafiya."

Fuskar Baba ta koma yadda Na-Tudu ya saba ganinta, mai taushi, mai tausayi, wadda ta fi zagi ciwo.

"Ba kome, yaro. Ka yi ƙoƙari. Su masu wurin za su gyara da safe. Kai dai farkon wata ka huta da wannan wahala."

Shirin Baba ya sake tabbata, saboda haka ƙafar ta ƙara sauri. Na-Tudu ya manna oba-oba a kunne, muryar Injiniya ta shigo ƙasa-ƙasa: "Madubin kwana ne ke rawa. Wani abu na bugunsa, tif, tif, tif, kamar agogo. Waiwaya ka duba min akwatina."

Ya waiwaya.

Mataki na 8: Yadda ake tayar da suruki daga zaune

Ba a yi. An bincika ko'ina, babu hanya. Abin da ake yi shi ne kewaye-kewaye, kuma Na-Tudu ya yi su duka.

"Baba, ko za a ɗan fita a ga tauraron da ido?"

"Na gan shi a allo."

"Yaya, ko za a ba Baba kujerar nan? Ta fi laushi."

Manaja ya yi zumbur ya miƙe, Baba ya ɗaga masa hannu. "Zauna abinka. Nan ma daidai ne, har da tawul."

"Baba, akwai shayi a ɗakin can."

"A kawo nan."

Na-Tudu ya juya wajen Auta da idon neman agaji. Ta ga ƙafar, ta ga akwatin, ta ga jan rubutu na leƙowa daga aljihun mijinta. Ta gane kome, kuma ta harɗe hannu. Ai ta riga ta faɗa tun a mota.

"Ko ka tashe shi," in ji oba-oba a kunnensa, "ko in hau in tashe shi."

Wannan ya fi ƙarfin kunya. Na-Tudu ya je gaban Baba ya durƙusa, zuciyarsa na bugu fiye da diddigen, ya ɗago kai ya dubi surukinsa ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Baba, a gafarce ni. A tashi daga kan akwatin nan. Madubi ne a ciki, kuma ƙafar Baba ce ke kashe mana ratsi. Ni na cire takardar da ta hana zama, don kada ran Baba ya ɓaci. Amma aikina ba zai yiwu ba sai an tashi."

"Kai!" in ji Manaja. "Baba kake ce wa..."

Baba ya sake ɗaga hannu. Ƙafar ta tsaya cak. Ya dubi yaron da ke durƙushe a gabansa. Sannan ya dafa gwiwa, ya miƙe.

A allo, ratsin ƙaramin tauraro ya fito fes, fari, baƙi, fari, baƙi, kamar bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Mataki na 9: Ka bar dattijo ya yi wasa

Baba ya dubi allo, ya dubi akwati, ya dubi ƙafarsa. Ya miƙa ɗan yatsa ya fara ƙwanƙwasa gefen akwatin. Toka. Ya janye. Ratsi. Ya sake. Toka. Ya janye. Ratsi.

"Ni?" ya ce. "Ƙafata?"

"E, Baba. Madubin na rawa, sai ratsin ya yi ta gudu gaba da baya har ya caɓe."

"Hasken da ya yi wannan doguwar tafiya. Ya iso lafiya, sai ni na tare shi a bakin ƙofa." Baba ya kece da dariya har ta koma tari, Auta ta buga masa baya. Da ya sami kansa sai hedimasta ya dawo gaba ɗayansa. "Kowa ya tsaya inda yake. Manaja, kashe wayar nan. Kada wanda ya motsa. Yaro, koma kan jan, a yi shi bisa ƙa'ida."

Aka koma kan jan. Da madubi na tsakiya ratsi ya dusashe rabi, kamar rigar da ta sha wanki. Da na ƙarshen tudu ya ɓace. Manaja ya ɗaga hannu zai yi tafi, Baba ya harare shi.

"Tukuna. A duba ƙaramin."

Aka duba ƙaramin. Fes.

"Yanzu ka faɗa min. Nawa ne faɗinsa?"

"A ido, Baba, kamar a ajiye maɓallin riga a garin da sai an wuni ana tuƙi kafin a kai, mu kuma mu auna shi daga nan."

Baba ya dubi rigarsa. Ya kai hannu ya shafa maɓallin wuyan rigarsa, ya daɗe yana juya shi tsakanin yatsu.

Mataki na 10: Kada ka tayar da maganar farkon wata

Ka bar Manaja ya tayar. Zai tayar.

Kafin su fita Baba ya miƙa hannu, Na-Tudu ya ba shi takardar da ta cukuikuye a aljihu. Baba ya ɗauke tawul, ya miƙar da takardar da tafin hannu, ya nemi gam, ya manna ta da kansa, ya ja baya ya duba ko ta karkace. Injiniya, wadda ta hau daga ƙasa da niyyar faɗa, ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi har da ɗan rusunawa.

A bakin mota Manaja ya yi gyaran murya. "To, Baba, maganar teburin nan..."

"Ka ba wani," in ji Baba. "Wannan in ka kai shi sito, ranar farko zai gaya wa mai saye cewa tayil ɗin bai kai yadda ka faɗa ba." Ya shiga mota, ya sauke gilashi, ya ce wa Auta, amma da ƙarfin da na waje zai ji, "Ashe mijinki yana da baki."

Na-Tudu ya tsaya a get har fitilun motar suka gangare. Farin ciki ya cika shi har ya rasa inda zai sa shi, sai ya rungume mai gadi.

Kada ka zaci daga nan Baba ya iya bayyana aikin. In baƙi suka tambaya, cewa yake yi yaron yana haɗa haske biyu a ɗakin ƙasa har su ɓace, kuma wurin ba a zama. Amma da yamma, can cikin gari, in jan tauraron nan ya leƙo ta saman katangar maƙwabci, sai Baba ya sauke ƙafa biyu ƙasa ya ajiye su shiru. Duk wanda ya ja kujera ko ya buga ƙofa zai ji muryar hedimasta: "A hankali. Ana aiki a tudu." Auta ta gaya masa cewa daga nan motsi ba ya kaiwa can. Ya ce ita me ta sani game da silin gashi.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. In ka bi matakan nan surukinka ya ƙi tashi, ko ya tashi ya nufi mota bai waiwayo ba, kada ka nemo mu. In gajimare ya rufe sama, in Injiniyarku ta riga ka hawowa, in Manajanku ya sayar wa wurin aikinku bututu kafin ya tafi, wannan rabonka ne. Ba ma karɓar ƙorafi, ba ma raka mutum sito. Kuma in wata yamma ka je gaisuwa ka tarar da dattijo zaune, ƙafa biyu a ƙasa, ya hana kansa motsi saboda aikinka, har ka kasa sallama, wannan tsakaninku ne. Mu tauraro kawai muka ce za mu koya maka aunawa.